Ma'aunin Adalci a kan Littafin Banasaren da Ya Daina Gaskata Wahayin Linjilarsu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda ya aiko manzanni ya saukar da littattafai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da 'yan'uwansa annabawa, Ibrahim da Musa da Dawuda da Isa ɗan Maryamu.

Amma bayan haka, ku sani ya ku 'yan'uwana masu neman ilimi, Allah shi yi muku rahama, na ga sunan wani Banasare ya yawaita a bakunanku. Sunansa Bart Ehrman, mutumin Amurka ne. Ya wallafa littafi da Turanci a shekara ta 2005 ta lissafin Miladiyya, ya sa masa suna Misquoting Jesus, ma'anarsa jingina wa Isa abin da bai faɗa ba. Na ji waɗansunku suna ɗaukarsa makami wurin jayayya da Nasara, alhali ba su san farkon maganarsa ba balle ƙarshenta. An karanta mini littafin nan an fassara mini shi babi babi, sai na yi nufin in auna shi, in faɗi inda ya dace da inda hujjarsa ta gaza. Na kasa magana fasali biyar. Ga Allah nake neman dacewa.

Fasali na farko, cikin bayanin mutumin da abin da ya same shi.

Ka sani an haife shi a 1955 a jihar Kansas. Yana saurayi ya shiga ɗariƙar Nasara masu cewa kowace kalma ta littafinsu daga Allah take, babu kure a cikinta ko na harafi ɗaya. Ya yi karatu a makarantar Moody a birnin Chicago, sa'an nan a Wheaton, inda ya ƙare a 1978 ya koyi harshen Yunan wanda da shi aka rubuta Linjilarsu. Daga nan ya tafi Princeton wurin Bruce Metzger, wanda shi ne babban malamin juye-juyen littafinsu a zamaninsa.

A can abin ya same shi. Cikin Linjilar Markus, sura ta 2 aya ta 26, an ce Annabi Isa ya ba da labarin Dawuda da ya ci gurasar ɗakin ibada a zamanin babban limami Abiyata. To littafin Sama'ila na farko, wanda Larabawa ke kira Shamwilu, sura ta 21, ya nuna limamin ranar nan Ahimelek ne, uban Abiyata. Sai Ehrman ya rubuta doguwar takarda yana tawili, yana murɗa nahawun Yunananci domin ya haɗa maganganun biyu. Wani malaminsa ya karanta, ya rubuta masa ɗan layi guda a ƙarshe, ma'anarsa watakila Markus kuskure ya yi. Shi da kansa ya ba da labari cewa daga ranar nan ƙofa ta buɗe. Ya ce a ransa, in kure ɗaya ya yiwu, to na biyu ma ya yiwu.

Kuma ba shi ne farko ba. Kafinsa an yi John Colenso, babban limamin cocin Ingila a ƙasar Natal ta Afirka ta Kudu. Yana fassara littafin Farawa zuwa harshen Zulu, sai mai taimakonsa William Ngidi ya tambaye shi ko da gaske ya gaskata labarin jirgin Nuhu yadda aka rubuta shi can. Colenso masanin hisabi ne. Ya zauna ya lissafa maza 600,000 da Attaurarsu ta ce sun fita Masar, ya haɗa mata da yara da dabbobi, ya ga waɗansu labaran ba su ɗaukar wannan adadi. Ya buga littafinsa a 1862, babban limamin Cape Town ya tuɓe shi a 1863, majalisar sarauniyar Ingila ta warware tuɓewar a 1865. Ya mutu a 1883 yana Banasare.

Fasali na biyu, cikin abin da ya faɗa daidai.

Ka sani gaskiya abin karɓa ce daga bakin kowa. Ehrman ya ce babu takarda ɗaya da ta saura da hannun Matiyu ko Markus ko Luka ko Yohanna. Abin da ke hannun mutane juyi ne na juyi na juyi. Wannan haka yake, malamansu ba su musunsa. Juye-juyen Yunananci da aka sani sun haura 5,000, mafi yawansu daga ƙarni na 9 zuwa sama. Wanda aka fi ambata da tsufa ɗan guntu ne da bai kai tafin hannu ba, daga Yohanna sura ta 18, yana ajiye a birnin Manchester, ana ƙiyasta shi ga ƙarni na 2. Manyan juyi biyu da ake dogara gare su na ƙarni na 4 ne. Ɗaya yana Fatikan a birnin Rum. Ɗayan shi ne wanda Tischendorf Bajamushe ya gani a gidan ruhubanawa na Dutsen Sinai a 1844 da 1859.

Sa'an nan ya kawo wurare uku masu nauyi.

Na farko ƙarshen Markus, sura ta 16 daga aya ta 9 zuwa ta 20, inda aka ambaci bayyanar Isa ga almajiransa da ɗaukar macizai da shan guba ba cuta. Ayoyin nan 12 babu su cikin manyan juyin nan biyu. Can littafin ya tsaya ne inda mata suka gudu daga kabari suna tsoro. Kuma malamansu na dauri, Yusabiyus da Jerom, sun shaida cewa mafi yawan juyin da suka gani ba su da wannan ƙari.

Na biyu labarin matar da aka kama da zina, Yohanna daga sura ta 7 aya ta 53 zuwa sura ta 8 aya ta 11. Babu shi cikin tsofaffin juyi. Waɗansu masu juyi sun sa shi a ƙarshen Yohanna, waɗansu sun kai shi cikin Luka sura ta 21. Labarin da ba ya zama wuri guda, baƙo ne a littafin.

Na uku shi ne mafi girma. Wasiƙar Yohanna ta farko, sura ta 5 aya ta 7, inda aka ambaci Uba da Kalma da Ruhu a jere aka ce ɗaya ne. Babu wata aya cikin littafinsu da ta faɗi uku cikin ɗaya a sarari kamar wannan. Lokacin da Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Yunananci a birnin Basel a 1516 bai sa ta ba, domin bai same ta cikin juyin da ke gabansa ba. Aka yi masa ca. Ya sa ta a bugu na uku a 1522, bayan an fito da wani sabon juyi mai ɗauke da ita. Daga nan ta shiga fassarar Turanci ta Sarki Yakubu ta 1611, har malaman Ingila suka cire ta a gyaran 1881. Abin da masu bincike suka rinjayar shi ne hashiya ce ta Latananci a gefen takarda, wani mai juyi ya zata matani ce ya shigar da ita.

Duk wanda ya taɓa juya Risala ko Ishiriniya da hannunsa ya san yadda wannan ke aukuwa. Ido ya tsallake layi domin layuka biyu sun ƙare da kalma ɗaya. Fitila ta yi rauni, tawada ta yi kauri, mai shifta ya faɗa mai rubutu ya ji wani abu dabam. Wani kuma da gangan yake gyara abin da yake ganin kure ne. Labarin Abiyata da kansa shaida ne, domin waɗansu tsofaffin juyi sun zubar da sunan, kuma Matiyu da Luka sun kawo labarin ba su ambace shi ba.

Fasali na uku, cikin inda hujjarsa ta gaza da'awarsa.

Wuri na farko, ƙidaya. Ya ce saɓanin da ke cikin juye-juyen nan ana ƙiyasta shi tsakanin 200,000 da 400,000, ya fi kalmomin littafin yawa. Mai sauraro ya ji haka sai ya zata babu kalma ɗaya tabbatacciya. Alhali shi da kansa ya yarda mafi yawan wannan adadi kuren harafi ne da gabatar da kalma ko jinkirta ta, abin da ba ya taɓa ma'ana. Kuma wannan gardama tsohuwa ce. John Mill na Oxford ya yi shekara 30 yana gwama juyi wajen 100, ya buga littafinsa a 1707 da saɓani wajen 30,000, ya mutu bayan mako biyu. Mutane suka firgita. Sai Richard Bentley ya amsa a 1713 cewa yawan juyi shi ke kawo yawan saɓani, kuma shi ne ke nuna wanda ya yi kure. Maganar Bentley ita ce maganar malaman hadisi, cewa ba a gane illar hadisi sai an tara hanyoyinsa. Littafin da juyinsa ɗaya ne tak ba a ganin saɓani a cikinsa, ba a kuma ganin kurensa.

Wuri na biyu. Da me ya san labarin mazinaciya ƙari ne? Da tsofaffin juyin da ba su da shi. Ashe kuwa mai iya nuna ƙari ya san siffar asali, ko da bai san ta duka ba. Saboda haka hujjarsa ta isa ta tabbatar da cewa hannun mutane ya shiga littafin, ba ta isa ta tabbatar da cewa an rasa abin da Markus ya rubuta gaba ɗaya ba. Malaminsa Metzger ya san duk abin da ya sani, sun ma haɗu sun sake buga littafin Metzger a kan wannan fanni a 2005, kuma Metzger ya mutu a 2007 yana kan addininsa.

Wuri na uku, ya cuɗa mas'ala biyu. Kuren mai juyi dabam, kuren mawallafi dabam. Abin da ya girgiza shi, watau Abiyata, daga mawallafi ya fito. Littafinsa kuwa kusan duka a kan masu juyi yake. Da za a tono takardar Markus ta hannunsa gobe, da ba ta warware masa komai ba. Mas'alar da ta fi nauyi ita ce, mene ne waɗannan littattafai huɗu tun asalinsu? Luka ya buɗe littafinsa da cewa mutane da yawa sun riga shi rubutu, shi kuma ya bi diddigin labari daga waɗanda suka gani. Wannan aikin mai sira ne, irin na Ibnu Ishaƙa. Bulus kuma cikin wasiƙarsa ta farko ga Korantiyawa, sura ta 7, ya rarrabe tsakanin umurnin Ubangiji da ra'ayin kansa. Nasara da yawa sun san haka, shi ya sa abin da suke nufi da hurarre ya fi kusa da abin da muke kira ilhama, wato Allah ya shiryar da zuciyar marubuci shi kuwa ya zaɓi kalmominsa. Ɗariƙar da Ehrman ya tashi cikinta ce ta ɗora wa littafin da'awar da littafin bai yi wa kansa ba. Manyansu sun taru a Chicago a 1978 suka rubuta cewa rashin kure ya keɓanta ga takardun asali. Wannan mafaka ce mai rauni, domin takardun da suka jingina hukunci gare su babu mai su a hannu.

Wuri na huɗu, shi ne ginshiƙin littafin. Ya ce in da Allah ya yi mu'ujizar hurar da kalmomi, da ya yi mu'ujizar tsare su, tun da bai tsare ba to bai hurar ba. Na ji waɗansunku suna maimaita wannan da murna. Ku yi hattara, wannan ƙiyasi ɓatacce ne a aƙidarmu. Mun yi imani an saukar wa Annabi Ibrahim takardu, ina suke yau? Mun yi imani an ba Annabi Isa Linjila, kuma ba mu ce tana hannunmu yadda ta sauka ba. Suratul Ma'ida aya ta 44 ta nuna malaman Yahudu aka danƙa wa tsaron Attaura, Suratul Hijri aya ta 9 ta nuna Allah da kansa ya ɗauki tsaron Alƙur'ani. Saukarwa abu ne, tsarewa wani abu ne, na farko ba ya lizimta na biyu sai da alkawari. Wanda ya karɓi ƙa'idar Ehrman ya ƙaryata saukar littattafan farko bai sani ba.

Fasali na huɗu, cikin kafa shi shaida.

In ka ce, ai shaidar mutum a kan gidansu ta fi ƙarfi, sai in ce haka ne, kuma magabata sun yi haka. Shehu Rahmatullahi Alhindi ya yi muƙabala da mai bishara Pfander a birnin Agra a 1854, ya rinjaye shi da littattafan malaman Turai, sa'an nan ya wallafa Izharul Haƙƙi a Istambul a 1864. Kafinsa Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu 456 bayan Hijira, ya bi saɓanin Attaura da Linjila cikin Alfisal. Amma ka san shaidun da ka kira kafin alƙali ya tambaye shi.

Ehrman bai bar imani da Allah saboda juye-juye ba. Ya zauna Banasare wajen shekara 15 bayan abin da ya same shi. Abin da ya fitar da shi wahalar duniya ce, yunwa da annoba da mutuwar yara, ya kasa haɗa su da Ubangiji mai iko mai jinƙai. Ya rubuta wannan cikin wani littafi a 2008. Ka ga wannan shubuha ba ta tsaya ga Nasara ba, tana ƙwanƙwasa ƙofar duk mai imani da ƙaddara. Kuma cikin littafinsa na 2014 ya ce Isa bai kira kansa Allah ba, wannan ya dace da mu. Amma shi ɗin ne ke cewa gicciye Isa yana cikin mafi tabbatar labaran tarihi, abin da Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore. Yana kuma ganin tarihi ba ya iya tabbatar da mu'ujiza kowace iri. In ka kira shi gaban Banasare mai karatu, zai ce maka ka ɗauki shaidarsa duka. Saboda haka ka ɗauki abin da ke da hujja a bayyane, juyi kaza ba shi da aya kaza, ka jingina shi ga juyin. Kada ka jingina addininka ga mutumin.

Kuma ka sani malamanmu sun saɓa cikin ma'anar tahrifi. Ibnu Hazmi ya tafi ga canjin lafazi mai yawa. Waɗansu sun ce mafi yawansa karkatar da ma'ana ne, kuma an kawo irin wannan fassara a ƙarshen Sahihul Bukhari cikin Kitabut Tauhid. Ibnu Taimiyya cikin Aljawabus Sahih ya tsaya tsakani, ya ce an canja sashe, sashe mai yawa ya saura. Abin da juye-juyen nan suka nuna ya fi kusa da wannan magana ta tsakiya. Shi ya sa hadisin Abu Huraira cikin Bukhari ya hana mu gaskata ma'abota littafi ko ƙaryata su cikin abin da ba mu da sani a kai. Ɗalibin da ya ɗaga littafinsu a kasuwa ya ce duk ƙarya ne, ya yiwu ya ƙaryata maganar wani annabi.

Fasali na biyar, cikin abin da ya shafe mu.

Wannan fasali dominsa na ɗauki alƙalami. Ku duba abin da ya karya saurayin nan. An koya masa cewa in harafi ɗaya ya motsa, addini duka ya rushe, aka ɓoye masa abin da manyan malamansu suka sani tun 1707. Ran da ya gani da idonsa, sai ya zargi littafin da malaman gaba ɗaya. Ramin nan yana gabanmu mu ma.

Yaron da aka ce masa babu bambancin ko wasali tsakanin mus'hafi da mus'hafi, ran da ya ɗora Warshu da ya haddace a tsangaya kusa da Hafsu na mutanen gabas, zai ga bambanci tun daga Fatiha. In bai taɓa jin ilimin ƙira'a ba, Shaiɗan ya sami ƙofa. Ku koya masa tun da wuri cewa ƙira'o'i riwaya ce daga baki zuwa baki da isnadi, kuma Ibnul Jazari, wanda ya rasu 833 bayan Hijira, ya kafa sharaɗi uku na karɓa, dacewa da Larabci, da dacewa da rasmin mus'hafin Usmanu, da ingancin isnadi. Ku gaya masa Sayyidina Usmanu ya tara mutane a kan mus'hafi ɗaya ya sa aka ƙone sauran, kuma Ibnu Abi Dawuda ya rubuta karatun Ibnu Mas'udu da Ubayyu cikin Kitabul Masahif bai ɓoye ba. Ku gaya masa an sami tsofaffin fatu a babban masallacin San'a'a a 1972, a cikinsu akwai wanda rubutunsa na ƙasa da aka goge ya saɓa wa rasmin Usmanu a waɗansu kalmomi da jerin surori, irin saɓanin da malamanmu suka ruwaito daga mus'hafan sahabbai. Ku gaya masa kuma an auna fatun da ke Birmingham, aka sanar a 2015 cewa awon ya ba da tsakanin 568 da 645, kuma abin da ke cikinsu ya dace da abin da muke karantawa. Ya ji duk wannan daga bakin malaminsa yana zaune a zaure, ya fi ya ji shi daga bakin mai son fitar da shi daga addini.

Haka hadisi. Abin da ya sami wasiƙar Yohanna, maganar mai sharhi ta shiga matani, malamanmu sun san shi sun sa masa suna mudraji, har Alkhaɗibul Bagdadi ya keɓe masa littafi. Kuma Alyunini ya tara riwayoyin Sahihul Bukhari a Dimashƙa ya gwama su harafi harafi, Ibnu Maliki mai Alfiyya yana zaune yana warware mushkilar nahawu, ya sa wa kowace riwaya alamarta. Ba su ji tsoron ƙidaya saɓani ba. Abin da muke taƙama da shi ke nan, isnadi da hadda da bayyana illa. Wanda ya bar wannan ya riƙe kuri, ya yar da gadonsa.

Hukuncina a kan littafin shi ne, labarinsa na juye-juye ingantacce ne a mafi yawansa, ƙidayarsa tana tsoratarwa fiye da abin da take tabbatarwa, ƙa'idar da ya gina a kai ɓatacciya ce. Ya halatta ga ɗalibin da ya ƙoshi da tauhidi da musɗalahul hadisi ya duba shi. Wanda bai kai nan ba, ya fara da abin da ya fi wajaba a kansa.

Kuma in kun zauna da maƙwabtanku Nasara, ku tuna Suratul Ankabuti aya ta 46 ta iyakance mana jayayya da su ga hanya mafi kyau. In kun ga wanda shakka ta kama cikinsu, kada ku yi masa dariya. Mutum ne da ƙasa ta motsa ƙarƙashin ƙafarsa, kuma zukata a hannun Allah suke, yana juya su yadda ya so. Babu wanda ke da tabbacin cikawarsa.

Allah shi tabbatar da mu a kan gaskiya, shi nuna mana ƙarya shi ba mu ikon nisantarta, shi sa mu cika da imani. Ina roƙon duk wanda ya juya wannan takarda ya gwama juyinsa da wanda ya ɗauko daga gare shi, in yana da magana ya sa ta a gefe da sunansa, kada ya shigar da ita cikin tawa. Allah ne mafi sani. Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.